Jatau Mai Kibau Ba Ya Cikin Na Biyu

A Birnin Tudu idan ka nemi Taibatu, za a tambaye ka wace, mai hula ko mai gem. Kada ka wahalar da kanka, duk ita ce. Ɗinkin hula ta tashi da shi tun tana yarinya, kuma har daga Bakura ake aiko mata da aiki saboda zarenta ba ya karkacewa. Gem kuwa, wato wasan kwamfuta, a gidan miji ta koye shi, kuma har yau akwai tsofaffin da ba su yafe mata ba, wai mace mai 'ya'ya biyu ta zauna gaban kwamfuta tana harbin dodanni. Masu wannan magana ba su san abin da take nema a ciki ba. Wata magana ce aka yi mata alkawarinta, mai karanta mata ya rasu kafin ta ji.

Mijin nata, Dikko, mai cajin waya ne a Talata Mafara, yana da 'yar rumfa kusa da tasha. Mutum ne mai kirki, amma Allah ya yi shi da nauyin baki. Idan miya ta yi daɗi sai ya ƙara loma, yabon ke nan. Idan Taibatu ta yi kwalliya sai ya dubi ƙasa ya tambaya ko an ba akuya ruwa. Ba ya faɗa, ba ya hana ta komai, amma a farkon aurensu ta sha yin kuka a ɓoye, tana ganin kamar haƙuri kawai yake yi da ita. Daga baya ta saba, ta ce haka danginsu suke, kunya ta yi musu yawa.

Wata rana ya shigo da tsohuwar kwamfuta ta hannu, wadda wani abokinsa ya saka wa gem. Labarin wata yarinya ce mai baka, wadda wani matsafi ya ƙafar da kogin garinsu, ta fita duniya neman yadda za ta dawo da ruwan. Dikko ya zauna zai gwada, yatsunsa suka ba shi kunya. Ko bayan gari bai kai ba kuraye suka cinye yarinyar, ya sake, suka sake cinye ta. Taibatu tana gefe da allurarta tana ƙunshe dariya har ta kasa. Sai Dikko ya turo mata kwamfutar. Yatsun da suka saba bin zanen hula ba su sha wuyar madannai ba, kafin magariba ta gama da kurayen nan kaf.

Daga ranar suka raba aiki, ita ce hannu, shi ne baki. Mutanen gem ɗin ba su da murya, rubutun Turanci ne ke fitowa a ƙasan allo, shi kuma da ɗan karatunsa na sakandare yana juya mata shi Hausa. Bayan la'asar suke zama a inuwar ɗaki, in ba ranar Talata ba, da kasuwa ke riƙe shi a rumfa.

A bakin ƙofar babban birnin gem ɗin akwai wani ɗan kasuwa mai jan gashi, tsaye kusa da jakinsa. A wurinsa ake sayen kibau, don haka duk inda yarinyar ta je sai ta dawo ta kansa. Dikko ya raɗa masa suna Jatau. Da farko gaisuwa kawai Jatau ke yi, amma da tafiya ta yi tafiya sai bakinsa ya buɗe. Yau Dikko ya karanta cewa Jatau ya ce yarinyar ta rame, ko ba ta cin abinci a hanya. Gobe ya ce tun da ta fita idonsa ke kan hanya. Wata rana ya ce ko mutanen birnin duka sun tashi, shi yana nan a bakin ƙofa. Taibatu ta kan sayi kibau ko ba ta bukata, don dai ta ji abin da zai ce.

Lokacin da mahaifiyarta ta rasu, Dikko ya yi duk abin da ake yi. Ya kai ta Birnin Tudu, ya zauna zaman makoki, ya yi hidima da jikinsa, amma abin da ya iya ce mata bai wuce Allah ya ba da haƙuri ba. Ta daɗe ba ta taɓa kwamfutar ba. Ranar da ta koma, ta isa bakin ƙofa ta danna, Dikko ya yi gyaran murya.

"Ya ce ya ji abin da yas same ki. Ya ce kuka ba laihi ba na, ki aje bakan ga ki yi shi, ba mai ganin gazawarki. Ya ce da ana ɗaukar ma mutum irin wanga kaya, da ya ɗaukar miki."

Ta yi kuka sosai a ranar, ta kuma ji sanyi a ranta. Ta yi mamakin Turawan da suka ƙera wannan abu, yadda suka san zuciyar mutum haka.

Sun daɗe a kan gem ɗin, don ga yara, ga hula, ga batirin da ba ya riƙe wuta, ita kuma ba ta gaggawar ya ƙare. Suna dab da ƙarshe ciwon ƙoda ya kama Dikko. Aka yi ta kai da kawo tsakanin asibiti da gida, ƙafafunsa suka kumbura, rumfa ta koma hannun Yasir, maƙwabcinsa a tasha. Duk da haka idan ya ji dama-dama shi ke cewa ta ɗauko kwamfutar. Ranar da za ta hau dutse don yaƙin ƙarshe da matsafin, ta tsaya wurin Jatau ta cika kwarinta. Dikko yana kwance a tabarma, ya ɗago kai da ƙyar ya dubi allon.

"Ya ce akwai maganar da shika son hwaɗa miki tun tuni, amma sai kin komo."

Ta hau dutse ta kashe matsafi, kogi ya kawo ruwa, sai rubutu ya fara hawa sama, gem ya ƙare. Ba a mayar da ita bakin ƙofa ba. Taibatu ta ji haushi ƙwarai, ta ce wannan ai rashin mutunci ne, a ɗora wa mutum rai a kan magana sannan a rufe. Dikko ya yi murmushi, ya ce samarin tasha sun ce ana haɗa na biyu, ta yi haƙuri. Kafin damina ta faɗi ya rasu.

Bayan ta fita takaba ta koma gidan mahaifinta da yaranta, dangin Dikko suka bar mata kwamfutar. Ba ta sake buɗe ta ba, don ba mai karanta mata. Ta ci gaba da hularta, tana kewar mutumin da a zatonta bai taɓa gaya mata wata magana mai taushi ba, kuma wannan ya fi komai cin ranta.

Sai ga saƙo daga Yasir cewa na biyu ya fito. Samarin Mafara har sun rabu gida biyu a kansa. Wasu na cewa ya take na farko ya wuce, wasu na cewa kwalliya ce kawai. Taibatu ba ruwanta da gardamarsu, Jatau take so ta gani. Amma tsohuwar kwamfutar ba za ta iya ɗaukar sabon ba. Mai irin wadda za ta ɗauka ita ce Bushra, ƙanwar Dikko, wadda ke koyar da Turanci a wata makaranta a Maradun. Mahaifin Taibatu bai so tafiyar ba saboda halin da hanya ke ciki, amma da ya ga fuskarta sai ya ce ta bi motar safe. Ta bar yaran wurin gwaggonsu, ta naɗe tsohuwar kwamfutar a zane ta tafi da ita, ita ma ba ta san dalili ba.

A gaskiya na biyun ya yi kyau, wanda ya ce bai yi ba son zuciya ne. Ruwan ciki yana ƙyalli kamar na dam ɗin Bakolori da hantsi. Gashin yarinyar yana motsi da iska, mutanen suna magana da muryarsu, bakinsu na motsi. Bushra kuma ta iya aikinta, tana fassara kalma bayan kalma, in ta yi kuskure ta koma ta gyara. Labarin ya fi na farko tsari, dodannin sun fi wayo. Sai dai duk wanda yarinyar ta tsaya gabansa aiki yake ba ta, je ki kashe wancan, kawo mini wannan. Ba wanda ya tambaye ta ko ta ci abinci. Kibau ma yanzu da kanta take fiƙe su a daji.

Taibatu ta yi ta sauri, tana tsallake duk abin da za a iya tsallakewa, Bushra na tsokanarta wai matar yaya ta zo biki tana ƙin cin tuwo. Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, hanya ta kai ta tsohon birnin. Ta hango ganuwar daga nesa. An sake gina ƙofar, an yi mata ado, dogarai biyu na tsaye da masu. Babu jaki, babu Jatau. Ta zaga kasuwa, ta shiga lungu-lungu, ta fita ta sake shigowa ko zai bayyana. Daga ƙarshe ta janye hannunta ta ce masu gem ɗin nan butulai ne, sun zuba kuɗi a ruwa da gashi sun jefar da mutum guda da ya san magana. A wurinta na biyu bai kama ƙafar na farko ba.

Bushra ta ce ita fa tana so ta ga wannan Jatau da ake ta yabo. Taibatu ta kwance zanen, suka jona tsohuwar kwamfutar a wutar sola. Ta buɗe a inda aka ajiye wasan kafin hawan dutse. Ga shi nan tsaye da jan gashinsa da jakinsa, hoton duk ya dushe idan aka gwada da sabon. Ta danna, rubutu ya fito.

Bushra ta karanta. "Ya ce, barka da zuwa, baƙuwa, ga kibau masu kyau."

"Sai mi?"

"Shi ke nan, Anti."

Taibatu ta fita ta sake dannawa, Bushra ta sake karanta abu ɗaya. Ta sake, haka. Ranta ya ɓaci, ta ce wa Bushra Turancin makaranta ya sa ta taƙaita magana, ta karanta duka yadda yayanta ke yi. Bushra ta tambaye ta me yayan nata ke karantawa. Taibatu ta fara jero mata, maganar ramewa, maganar duban hanya, abin da aka ce mata bayan rasuwar Inna, da maganar da aka ce sai ta komo. Tun ba ta gama ba ta ga Bushra ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

"Anti, wanga mutum ba shi da wata magana sai wagga guda. Haka anka yi shi. Duk abin da kinka ji, Yaya na."

Taibatu ta dubi allon. Ba ta iya karanta Turanci ba, amma ta ga layi ɗaya ne gajere, kuma ta gane shi. Shi ne dai wanda ke fitowa tun ranar farko. Shekaru tana kallonsa, kunnenta na wurin Dikko, ba ta taɓa tambayar yadda doguwar magana ke fita daga ɗan wannan rubutu ba.

Abin da ya karya mata zuciya ba wannan ba ne kaɗai. A da ta kan amsa wa Jatau da baki, ta tsokane shi, ta yi masa godiya. Wata rana da ya faɗi wata magana mai daɗi, ta yi dariya ta ce da ita ce yarinyar nan, da ta ajiye baka ta aure shi. Dikko ya miƙe tsam ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba. Ta ɗauka kishi ne, ta ɗauka ta yi masa rashin kunya. Don ta kiyaye ransa, daga ranar ba ta ƙara amsa wa Jatau ba. Duk tsawon ciwon nan, mutumin yana kwance yana gaya mata abin da ke ransa ta hanya ɗaya da ya iya, ita kuma tana sayen kibau ta wuce ba ko uffan.

Ta gaya wa Bushra wannan. Sannan ta tambaye ta ko a matsayinta na ƙanwarsa tana da masaniyar abin da yake son faɗa. Bushra ta girgiza kai, ta ce ita ko rabin abin da Anti ta ji ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

 Sabuwar kwamfutar na gefe tana ta kiɗanta, Bushra ta miƙa hannu ta rufe ta. Taibatu ta gyara zama gaban tsohuwar, ta share fuskarta da gefen zane, ta matsar da yarinyar har gaban mai jan gashin.

"Malam," ta ce a hankali, yadda ta saba kiran mijinta, "ga ni na komo."

Ta danna. Layin nan guda ya fito, Bushra ba ta karanta ba.