Hoton Baba Sallau guda ɗaya da nake da shi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin buɗe shago a kasuwar Hédzranawoé yau da safe aka kira ni: Baba Sallau mai gyaran agogo na kasuwar Adawlato ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba, ya kishingiɗa a tabarma, bai sake tashi ba. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar, amma har yanzu ji nake kamar zai kira ni ya ce in taho da babur.

Ku da kuke yaba hotunan tsuntsayen da nake sawa a nan, shi ya koya mini.

Ba shi da babbar kyamara. Wani tsohon madubin hangen nesa ne da ya saya a gwanjo, sai 'yar kyamarar aljihu da yake ɗaurewa a bakin madubin. Matsalar ita ce sikirin ɗin kyamarar ƙarami ne, rana kuma tana kashe shi. Sai ka ga hoto ya fito tas, ka je gida ka buɗe a kwamfuta ka tarar duk dishi-dishi.

Shi ya sa ya haɗa abin da yake kira lup. Gilashin ƙara girma ne na aikin agogo, ya cusa a baƙin kwali, ya naɗe da salatif. Ka kifa shi a kan sikirin, ka sa ido, ka murɗa a hankali har ƙwayar idon tsuntsu ta fito sarai.

Kullum cewa yake, "Nasiru, kar ka yarda da sikirin. Idon tsuntsu za ka nema."

Na taɓa zama a kan lup ɗinsa na farko na murƙushe shi. Kunya ta kama ni. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Dama ya tsufa, ka hutar da ni." Ya miƙo mini ƙosai.

Ƙosan nan ma shi yake saye duk Lahadi, da koko, kafin mu bar Zongo. Bai taɓa bari na biya ba.

Abu ɗaya ne ba ya so, a ɗauke shi hoto. In aka ɗaga waya a wurin biki sai ka neme shi ka rasa. In ka matsa masa ya ce, "Ni tsuntsu ne?"

Lahadin da ta wuce muka je bakin kogin Zio. Ya hango wata sheƙa a can ƙetare, ya zagaya ya duba, da lup ɗin rataye a wuyansa. Ni kuma tsokana ta motsa mini. Na juya madubin kansa, na murɗa da ido zalla, na danna. A sikirin ya yi kyau.

Da ya dawo ya ce, "Mi ka ɗauka?"

Na ce, "Wani tsohon zalɓe ne, Baba."

Ya yi dariya har da tari, don ya gane. Ya taɓa lup ɗin a ƙirjinsa ya ce, "Ba da wannan ba? C'est flou, ɗana, dishi-dishi ne. Goge shi."

Ban goge ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta 'yarsa Rakiya ta kira ni. Tana aure a Maroko, ba ta samu jana'iza ba, ɗanta kuma bai taɓa ganin kakansa ba. Tana kuka ta ce, "Yaya Nasiru, ku ne masu kyamara. Ka turo mini hoton Baba, don Allah."

Na ce mata to, da ƙarfin gwiwa.

Mun duba wayoyin gidan kaf. Mun duba kwamfutarsa, tsuntsaye ne iya ganinka, babu shi ko ɗaya. Sai hoton katin shaida, tun gemunsa yana baƙi, shi ma ya koɗe.

Na buɗe nawa na Lahadi a babban sikirin. Ashe akwai belbela a bayansa ban lura ba. Ita ce ta fito, har ana iya ƙirga gashin fikafikanta. Baba Sallau yana tsaye a gaba, fari-fari kamar ana hangensa ta cikin hayaƙi.

Na daɗe ina kallonsa. Wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya. Shekara da shekaru ina gefensa da kyamara a hannu, abin da zan iya ba 'yarsa ke nan.

Na tura mata haka nan. Can ta aiko da murya: "Hular da na aiko masa da sallah ce. Yaya, fuskar ce ba na gani."

Don haka ina roƙonku, mutanen Zongo, na Adawlato, na Avédji. Duk wanda ya taɓa kai masa agogo, ko kuka haɗu a ɗaurin aure ko suna, ya duba wayarsa. Ko a gefen hoto ya faɗo, ko rabin fuska ne, ku turo mini. Rakiya tana jira.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Sallau, ka haskaka kabarinsa, ka sanya shi a Aljanna Firdausi, ka ba iyalinsa haƙuri.

Wanda bai sami hoto ba, ya yi masa addu'a kafin ya wuce.