Wutsiyar Lambar Kati

Ina zaune a tagar ɗakin kati, wata mata ta miƙo katinta, na buga lambar ina jiran kwamfuta ta fito da shi, sai wayata ta yi ƙara. Kawunmu ne. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce motar da ƙanena ya shigo daga Zariya ta yi hatsari, kuma Allah ya yi masa rasuwa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye wayar. Matar tana kallona, ni ina kallon kwamfuta, wadda har lokacin ba ta gama neman katin ba. Sai da ya fito na ba ta takardar ganin likita, sannan na tashi.

Asibitinmu ƙarami ne, mai zaman kansa, a gindin Goron Dutse. Sakandare na gama, sai ɗan kwas na koyon kwamfuta. Ƙanena ne ya yi jami'a. Ni na roƙi Likita, mai asibitin, ya bar shi ya rubuta mana manhajar neman kati, don na gaji da hawa kujera ina lalube a kantar katuna. Likita bai so ba. Na ce masa in abin bai yi ba, ni za a tambaya.

A soron gidanmu na Madabo ya yi mini bayani, wata rana bayan la'asar.

"Yaya, ka ɗauka kantar nan taka mai ramuka na sa a cikin kwamfuta. Mu hash table muke ce mata. Kowane kati da raminsa. Da ka buga lamba, ba bin katunan za ta yi ɗaya bayan ɗaya ba, kai tsaye za ta je ramin."

"Ya za a yi ta san ramin?"

"Ta raba lambar da yawan ramukan. Abin da ya yi saura, shi ne ramin."

Haka aka fara, kuma ya yi kyau. Har Likita ya daina leƙowa. Sai ga shi wata rana ya zo asibitin yana murna, wai ya samo hanyar da ta fi sauri.

"Rabawa aiki ne mai nauyi a wurin kwamfuta," in ji shi, "balle wannan tsohuwar taku da ta kusa girme wa Likita. In yawan ramukan ya zama ninkin biyu, takwas, sha shida, talatin da biyu, har sama, ba sai an raba ba. Ita kwamfuta sifili da ɗaya kawai ta sani, kowanne ana ce masa bit. Sai a rufe na gaba, a karanta na wutsiya, an sami rami."

"Wanda ke nan ai yana aiki."

"Yana aiki, amma tafiyarsa irin taka ce in Inna ta aike ka kasuwa."

Na bar shi ya canza. Da lambobin da ya ƙirƙira da kansa ya gwada, komai ya tafi daidai. Abin da bai lura da shi ba, ni ma ban san yana da muhimmanci ba balle in faɗa, shi ne yadda muke ba da lamba. Tun kafin kwamfuta, ƙarshen lambar kati a asibitinmu alamar unguwa ce, don a san inda za a aika in ana neman dangin marar lafiya. Haka ƙanena ya sa ta a manhajar, unguwa a wutsiya. Mu kuwa yawancin masu zuwa mana daga Madabo suke, da Goron Dutse, da wajen Ƙofar Dawanau. Rabawa tana taɓa lambar gaba ɗayanta. Ita kuwa sabuwar hanyar, ta yankewa, wutsiya kawai take gani. Sai katunan suka riƙa taruwa a 'yan ramuka kaɗan, sauran suna fanko. Ina ƙara shigar da tsofaffin katuna, kwamfutar tana ƙara nawa, don in ta isa rami sai ta bi tulin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya gano haka da kansa, ya kira ni kafin tafiyarsa Zariya.

"Na kama ɓarawon, Yaya. Zan turo bit ɗin gaba su sauko, in gauraya su da na baya kafin in yanke. Layi ɗaya ne, har na rubuta shi a ciki, na dai kashe shi tukuna. In na dawo zan kunna."

"Ka mayar mana da na dā mu huta."

"Haba, a koma baya? Ka ba ni zuwa in dawo."

Bayan an tashi daga zaman makoki na koma aiki. Layi yana kaiwa bakin ƙofa. Mutanen unguwa ne, sun san abin da ya same mu. Sai mutum ya yi mini ta'aziyya, ya tsaya, ya tsaya, gaisuwa ta ƙare, kati bai fito ba. Wani dattijo mai ciwon ƙafa ya ce, "Malam, ita ma kwamfutar takaba take yi ne?" Aka yi dariya. Ban ji haushinsa ba, da gaskiyarsa, ya daɗe a tsaye.

Likita ya kira ni ofis. Ya yi addu'a ga mamaci, sannan ya ce akwai masu sayar da manhajar asibiti, sun zo sun nuna masa tasu.

"Likita, gyara ne kaɗan. Ya riga ya gano matsalar."

"Wa zai gyara?"

Na ce a ba ni lokaci. Ya ce ya ba ni, amma in tuna marasa lafiya ne a layin nan.

Na nemo wani abokin karatun ƙanena. Ya zo ranar Asabar, ya zauna, ya yi ta hawa da sauka a cikin rubutun manhajar yana girgiza kai.

"Allah ya jiƙansa, shi dama haka yake. Yaya, asibiti kamar wannan ba ya bukatar wannan wahalar. Saurin da yankewa ke ƙarawa, ido ba zai ma gani ba. Akwai wanda aka riga aka rubuta, kowa shi yake ɗauka. Son gwaninta ne kawai."

"Za ka iya ƙarasa nasa?"

"Gara in rubuta sabo. Shiga aikin wani ya fi wuya."

Ya yi alkawarin dawowa. Aiki ya kai shi Abuja. In na kira sai ya ce yana mitin. Maganarsa ta tsaya mini a rai, musamman da na ga kamar gaskiya ce.

Kafin abokin ya tafi dai ya nuna mini layin da ƙanena ya rubuta, da alamar da aka sa a gabansa don kada ya yi aiki, da yadda ake sake haɗa manhajar. Na yi kwanaki ina buɗe shi ina rufewa. Gajere ne, bai kai tsawon adireshin gida ba. Wata safiya, kafin a buɗe taga, na yi bismilla na goge alamar.

Na buga lambar farko. Nan take amsa ta fito, ban taɓa ganin saurin haka ba. Babu wannan kati. Na buga ta biyu, babu. Na buga ta Inna, wadda na haddace, babu. Mutane sun fara taruwa, wata mai goyo tana ƙwanƙwasa gilashi. Na mayar da alamar, katunan suka dawo, da nawarsu kamar kullum.

Sai a hanyar gida na fahimta. Sabon layin yana aika nema zuwa sabon rami, su kuwa katunan suna nan inda tsohuwar ƙa'ida ta zuba su. Dole a kwashe su duka a sake rabawa. Wannan ɓangaren ƙanena bai rubuta ba. Ko ya manta ne, ko yana ganin abu ne da zai yi a tsaye kafin shayi ya huce, ban sani ba. Na yi ta nema a waya, na kalli bidiyo na Turancin da rabi kawai nake kamawa. Na gane abin da ake so a yi. Yadda ake faɗa wa kwamfuta ta yi shi ne ban iya ba, kuma ina tsoron in taɓa in ɓatar da katunan mutane.

Likita ya gaji da jira, ban kuma ga laifinsa ba. Aka kawo sabuwar kwamfuta da manhajar kamfani. Tana da sauri, layi ya ragu, ba wanda ya sake tambaya. Na roƙi tsohuwar, bayan an goge katunan marasa lafiya daga ciki, Likita ya ce in ɗauka. Na ɗauro ta a bayan babur zuwa Madabo.

Tana ɗakina. Na cika ta da lambobin ƙarya masu wutsiyar unguwanninmu, don in gwada ba tare da cutar da kowa ba. Wani lokaci ranar Lahadi nakan kunna ta. Ɓangaren da zai kwashe katunan ya sake raba su, na fara rubuta shi, ban gama ba.