Ɓargona a Jikin Ƙanwata

Ni aka ɗebi ɓargona aka dasa wa ƙanwata, wadda amosanin jini ya wahalar tun tana goye. Daga Agiye muka tashi har wani babban asibiti a ƙasar waje. Mako uku bayan dashen, jajayen ƙuraje suka feso mata a tafin hannu da wuya, ga zawo ba tsayawa. Likitar da ke duba ta, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce sabon jinin ne ke yaƙar jikinta, don bai san shi ba.

Na fita baranda ina kuka, gani nake ni na cuce ta.

Likitar ta biyo ni, ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yata. Ƙwayoyin jiki suna sakin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi cikin jini, kamar saƙo a tsakaninsu. Wasu na zuga faɗan, wasu na kwantar da shi. Muna bincikensu, ko wata rana za su sanar da mu tun kafin ƙurji ya fito." Sai ta nemi izinin ɗibar jinin ƙanwata don wannan bincike.

Da muka koma ɗaki muka yi wa ƙanwata bayani, sai ta miƙa hannu da kanta. Ta ce, "Yaya, bari su ɗiba, ko zai amfani wani."

A hankali magani ya karɓe ta. Bana tare muka yi shukar hatsi a gonarmu ta Gangara, kusa da Agiye, tana gabana tana dariyar rashin saurina. Har yau ina saka likitar nan cikin addu'ata.