Paraska da Cocin Katako

Shekara talatin da huɗu mabuɗin cocin katakon ƙauyen yana hannun Paraska Dzurova. Daga surukarta ta gaje shi. Ita ke shara, ita ke goge zanen waliyyan da ke jere a bango, tana kiran kowanne da sunansa kamar maƙwabci.

Wata shekara wani marubuci ya zo daga birnin Bratislava, yana haɗa littafin da zai nuna wa baƙi ƙasar, daga duwatsun Tatra har gaɓar kogin Danube. Ta cika shi da miyar kabeji, sannan ta ja shi ta nuna masa inda rufi ke yoyo, da inda ƙwari suka rarake ginshiƙi. Ya yi ta gyaɗa kai. Da littafin ya fito sai ga cocin a shafi guda cur, ana yabon kyansa, babu ko kalma ɗaya a kan yoyon.

Baƙi suka fara zuwa mota-mota. Cikinsu wani ya lura da danshin da ke cin zanen, ya kai magana birni. Ba a yi wata biyu ba ma'aikatan gwamnati suka iso da takarda da akwatunan kwashe zanen. Paraska ta tsaya a ƙofa ta kankane hanya.

"Goggo, ɗan matsa mana," in ji babbansu. "Gyara za a yi wa waliyyan, a dawo da su."

"Yaushe?"

Ya waiwaya ya dubi abokin aikinsa, shi kuma ya dubi ƙasa.

Ta ruga gidan Vasil, mafi ƙarancin shekaru cikin mazan da suka rage a ƙauyen, mai shekara sittin da takwas. Ya ce shi itacen murhunsa ma ya gagare shi ɗauka, balle ya ja da masu takarda. Kafin ta dawo an fara lodi.

Wasiƙa uku ta rubuta wa hukuma. Ɗaya aka amsa, aka ce ana duba lamarin.

Baƙi ba su daina zuwa da littafin a hannu ba. Takan buɗe musu, ta nuna gurbin kowane zane a bango, ta siffanta shi da baki, su ɗauki hotonta su wuce. Da gwiwoyinta suka ƙi hawan tudun da cocin yake kai, 'yarta Melania ta zo ta kwashe ta zuwa birnin Prešov, a wani bene hawa na shida. Can take zaune yanzu, kusa da taga. Rufin kuwa ba a gyara ba har yau.