Ɗaki na huɗu a gidan Nana

Shekara huɗu ke nan da muka binne ƙanena Sabi'u a Kuala Lumpur, mu biyar kacal, kowa da takunkumi a fuska. Korona ce ta ɗauke shi yana dab da kammala digirinsa na uku. Ban rubuta wannan don in yi kuka ba.

Lokacin kulle ya sayi ɗan ƙaramin gida na katako, irin wanda ke zuwa cikin kwali gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da gam. 'Yarsa Nana yake yi wa, tana Kano, shekararta shida. Kayan cikin gidan na Turawa ne: fiyano, murhun jin ɗumi, kwalabe. Sabi'u ya ce 'yarsa ba ta san wannan gidan ba. Ya saƙa tabarma da zare, ya yi buta da murfin biro, ya yi jeren kwanuka da maɓallan riga. Na zauna a Jidda, na zauna a Guangzhou inda ake ƙera irin waɗannan kaya, ban ga mai tsayayyen hannu kamarsa ba. In na kai masa tapau, abincin ƙunshi, daga unguwar Cheras, sai ya hana ni numfashi kusa da tebur, wai zan hure masa darduma.

Ɗaki uku ya gama. Na huɗun ya bar shi fayau, ya ce, "Yaya, wannan nata ne. Ita za ta faɗi abin da za a sa."

Da aka sassauta kulle na je masaukinsa a Setapak kwashe kayansa, gidan babu. Abokin zamansa, Ɗanlami, ya ce shara aka kwashe da shi saboda tsoron cuta. Na yarda. Bayan wata takwas na ga gidan a tagar kedai ɗin Ɗanlami, wato shagonsa, an kunna masa fitila, masu saye suna ɗaukar hoto, shi kuma yana cewa aikin hannunsa ne. Ɗakin Nana ya cusa masa fiyano da kwalabe, gam ya dalalo a bango kamar majina. Na yi masa magana, ya ce abin wasa ne, ba gado ba. Na tura manya, ya ce irinsa dubu ne a kasuwa. Sai na jira.

Watan jiya jiran ya ƙare. Ɗanlami na neman aure a Zariya, iyayen yarinyar suka tashi bincike, suka tambayi wane ne dattijo a nan Kuala Lumpur. Aka ba su lambata. Ban ƙara masa ko kalma ba. Na ce na san shi da salla, na kuma san shi da riƙe kayan marainiya shekara huɗu.

Kwana uku sai ga shi a ƙofata da kwali a hannu, yana durƙusawa.

"Baba Alhaji, don Allah ka sake kiransu."

Na sa shi ya zauna ya ɓamɓare fiyanon da hantsaki a gabana, sannan na ce zan kira.

Na san abin da Sabi'u zai ce da yana nan. Zai yi dariya ya ce katako ne, Yaya, bar shi ya yi aurensa. Haƙurin da ya saƙa tabarma zare bayan zare shi ne ya rage mini na tunawa da shi, amma ban gaje shi ba. Nana ta kai goma yanzu, kuma mahaifiyarta ta ce ta daina tambayar gidan tun bara. Wannan ne Ɗanlami bai iya sakowa a kwali ba.

Gidan zai tafi Kano ranar Juma'a a hannun wani ɗalibi. Zariya kuwa zan kira, tunda na yi alkawari. Zan faɗa musu ya dawo da shi, in kuma faɗa musu ranar da ya dawo da shi.