Kwanciyar da Baba ya ƙi

Tun kafin mu shiga ɗakin hoton ƙirji na asibiti zuciyata ba ta kwanta da mai ɗaukar hoton ba. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙaura, kullum idona na kan hannun mai awo, kuma wanda ya cika murmushi a bakin mudu ban taɓa yarda da shi ba. Shi kuwa ma'aikacin, wani siriri mai tabarau, sai murmushi yake ta yi.

Babanmu ne ba lafiya. Daga ƙauyenmu na wajen Zurmi na ɗauko shi bayan an gama girbin gero, numfashi na gagararsa, haƙarƙarin dama na sukarsa. Likita ya bubbuga ƙirjin ya ce yana zaton ruwa ne ya taru a gefen huhu, amma ba zai soka allura ya zuƙe ba sai ya gani a hoto. In babu hoto babu allura, sai dai in mayar da tsoho gida yana haki.

Hoton tsaye ya ɗauku lafiya lau. Sai aka ce saura na kwance, don ruwan ya gangaro gefe guda a ga yawansa. Ma'aikacin ya kwantar da Baba a kan tebur ta gefen dama, cikin farar rigar asibiti, ya miƙar masa da ƙafafu, ya kunna fitilar injin. Wani jan layin haske siriri ya sauka a bayan Baba. Ya tura kafaɗa kaɗan, ya jawo ƙugu kaɗan, har layin ya bi ƙashin baya sak.

"Baba, kada ka motsa. Ka riƙe numfashi."

Muka koma bayan wata katanga mai ƙaramar tagar gilashi, ya danna. Hoton ya fito a kwamfuta a karkace, haƙarƙari sun hau juna. Ya sake gyarawa, ya sake dannawa, haka dai. Ya ce hasken nan ba a yawaita shi a jikin mutum, sau ɗaya ya rage mana yau.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, faɗa mini gaskiya. Injin ne ya lalace kuke rufa-rufa, ko koyon aiki kake yi a kan tsohona don ka ga daga ƙauye ya fito?"

 Ya je ya sake daidaita Baba, ya dawo, ya ɗaga hannuwansa sama don in ga bai taɓa komai ba. "Alhaji, daina kallona. Kalli layin."

Na kalla. Ina kallo ta tagar, sai ga jan layin yana zamewa daga ƙashin baya a hankali a hankali. Baba ne ke mirginawa, kamar kyanwa mai satar nama, har fuskarsa ta koma kallon rufi. Kai, kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Na durƙusa a gefen teburin. "Haba Baba, don Allah, me ya sa?"

Ya kafe ni da ido. Ashe yadda nake zargin ma'aikacin, haka shi yake zargina.

"Mi likita ya hwaɗa maka wanda ba ka hwaɗa mini ba?"

"Wallahi babu komai, Baba."

"Babu komi? Kun sa mini hwarin ƙyalle, kun kwantar da ni bisa dama, kai kudu, huska gabas, ana awona da zaren wuta. Shekara nawa ina shiga kabari ina karɓar mutanen garinmu? Na san wagga kwanciya. In lokaci ya yi ban ja da Allah ba, amma ba ku sa ni cikinta da raina."

Na ɗaga kai. Gaskiyarsa, tagar da ranar hantsi ke shigowa ita yake fuskanta.

Murmushin ma'aikacin ya ɗauke. Ya ɗauki matashin kai ya mayar ɗaya ƙarshen teburin. Muka tayar da Baba muka juya shi, kai arewa, har yanzu a kan dama. Mutumin nan ya yi ta fama da kan injin da allon hoto yana sauya musu wuri, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har jan layin ya sake sauka a kan ƙashin baya.

"Baba, yanzu ina gabas?"

"Tana bayana."

"To, a bar ta can tukuna."

Ko gezau Baba bai yi ba. Hoton ya fito tas, da la'asar aka zuƙe ruwan. Na je in ba ma'aikacin haƙuri, ya ce in na samu gero mai kyau in tuna da shi.

Damina huɗu Baba ya ƙara nomawa. Ranar da ya rasu ni na shiga kabarin na karɓe shi. Na kwantar da shi a kan dama, na tura kafaɗa kaɗan, na jawo ƙugu kaɗan, yadda na ga an yi. Mutane na miƙo mini itace daga sama suna cewa in hanzarta, ni kuwa na tsaya, na ɗauke hannuna, ina kallon bayansa. Wallahi jira nake ya mirgina.