Douwe Mai Buɗe Wasiƙun Mutane

Douwe Rijpkema, ɗan kawunmu na Leeuwarden, tun yana jariri yake neman rasit. Uwarsa ta rantse ko nono ta ba shi sai ya tsare ta da ido, kamar zai ce ta sa hannu. Shi kaɗai ya yi dogon karatu a dangi, sauranmu muna bayan shanu. Da ya zama lauya ya fara da rigimar maƙwabta, wane ya dasa shinge ya ci taƙi ɗaya na filin wane. Daga baya kotu ta riƙa miƙa masa mutanen da bashi ya karya.

Shekara uku yake riƙe mutum a kan ɗan abin da aka yanka masa na cefane, duk rarar da ta shigo ta masu bin bashi ce. Wanda bai ɓoye ko sisi ba, alƙali ya yafe masa saura. Wasiƙun mutum ma ofishin Douwe ake kaiwa, shi ke fara buɗewa. Shekara ashirin da shida yana farke ambulan. Takardun da ya karanta, in an jera, za su tare teku.

Geeske Boonstra mijinta Sietse ya rasu ya bar mata rusasshen shagon keke da bashin Yuro dubu saba'in. Duk Laraba takan zo ofishin Douwe karɓar wasiƙunta, ruwa na ɗiga daga rigarta, ta tambayi yallaɓai ko yau wani ya rubuto yana sonta. Saura wata huɗu ta cika shekara ukunta a yafe mata.

Sai ga katin gaisuwar sabuwar shekara daga mai sassaƙa dutsen kabari. Tun farko Geeske ta roƙe shi kada ya aiko komai, amma mutumin ba ya iya rufe shekara da takarda a aljihun tebur. Ya manno rasit: Yuro dubu ɗaya da ɗari tara, an biya hannu da hannu.

Ran Laraba Douwe ya zuba mata kofi, ya ajiye biskit biyu. Mutumin da bai taɓa wuce ɗaya ba! Nan ta gane akwai magana. Da ya nuna mata katin, ba ta musa ba. Ta ce duk Asabar take goge matakalar gidajen mutane a ɓoye, da kuɗin ta sayi dutsen, don Sietse ya shekara biyu kwance a kabari ƙarƙashin katako mai lamba.

"Yallaɓai, jefa shi a shara mana. Wa ya gani?"

"Ni na gani, Geeske."

"Kai ɗin idonka na gwamnati ne?"

Douwe ya ɗauke katin. Kwana huɗu katin yana aljihunsa, har coci ya je da shi. A na biyar ya rubuta rahoto, ya haɗa da shafi uku na roƙon sassauci. Alƙali bai kai minti goma ba. Bashin ya dawo kanta gaba ɗaya, kuma sai bayan shekara goma za ta iya sake neman yafiya.

A bakin kotu ta tambaye shi ko za su tone dutsen su sayar. Ya ce a'a.

"To, shi ke nan," ta ce, ta hau kekenta.

A bazarar nan Douwe ya mayar wa kotu mutanenta, ya koma shari'ar shinge. Yanzu yana da shekara sittin da uku, kuma ko takardar wutar lantarki ba ya buɗewa. Ranar haihuwarsa mukan zauna a da'ira da kek a cinya, muna tsokanarsa cewa babban lauya na tsoron ambulan. Sai ya yi ɗan murmushi ya ƙara wa kowa kofi. Katunanmu suna nan kan taga a rufe, sai ran Lahadi matarsa Tjitske ta buɗe ta karanta masa.